Tarihin Gidan Abincin Nobu: Daga Wankin Kwano Zuwa Manyan Biranen Duniya

Ɗan'uwa mai karatu, ka san motar Toyota. Ka san babur ɗin Yamaha da na Honda. Duka daga ƙasar Japan suke zuwa. Amma ko ka taɓa tambaya, mutanen da suke ƙera waɗannan kaya, me suke ci?

Yau za mu ba ka tarihin wani gidan abinci na mutanen Japan. Sunansa Nobu. Ya yi suna a duniya ƙwarai. Masu kuɗi da ƴan wasan silima suna neman wurin zama a cikinsa tun da sauran kwanaki. Amma mutumin da ya kafa shi da wankin kwano ya fara. Ya sha bashi, ya sha gobara, ya kusa fid da rai. Ka karanta a hankali, ka ga yadda abin ya kasance.

Ina ne Japan?

Japan tana can gabas mai nisa, bayan ƙasar Sin. Ƙasa ce ta tsibirai, wato teku ta kewaye ta ko ta ina. Manyan tsibiranta huɗu ne. Babban birninta shi ne Tokiyo. Idan ƙarfe 12 na rana ya yi a Maraɗi, a Tokiyo ƙarfe 8 na dare ne.

Nijar ta ninka Japan girma fiye da sau uku. Amma mutanen Japan sun fi miliyan 120. Yawancin ƙasar duwatsu ne da kurmi. Gonaki kaɗan ne, wurin kiwo ma kaɗan ne. Don haka cimakarsu ta tsaya bisa shinkafa, da waken soya, da kifi.

Akwai kuma wani dalili. A shekarar 675 sarkinsu ya hana cin naman shanu, da dawaki, da kaji, da wasu dabbobi, a wasu watanni na shekara. Sarakunan da suka biyo baya suka riƙa sabunta irin wannan doka. Mutane suka daɗe suna ƙyamar nama. Sai a 1872 aka ba da labari sarki Meiji ya ci naman sa. Ka ga ke nan, sun yi fiye da shekara 1,000 kifi ne namansu. Wanda ya daɗe haka da abu ɗaya, dole ya san shi ciki da waje.

Yadda sushi ya samo asali

Abincin Japan da ya fi suna shi ne sushi. Asalinsa dabara ce ta adana kifi, kamar yadda mahauci yake yin kilishi don kada nama ya lalace. Sai a feɗe kifi, a sa masa gishiri. A jera shi cikin dafaffiyar shinkafa a babban mazubi na itace. A rufe, a danne da dutse. Bayan watanni shinkafar ta yi tsami, tsamin ya tsare kifin daga ruɓa. A lokacin kifin kaɗai ake ci, shinkafar zubarwa ake yi. Har yau ana yin irin wannan a bakin wani tabki da ake kira Biwa.

Daga baya mutane suka gaji da jira. Suka ce, tun da tsami ake nema, a zuba wa shinkafar ruwan tsami, wato binegar, a ci nan take.

Wajen shekarar 1824, a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokiyo, wani mai sana'a Hanaya Yohei ya yi suna da wata sabuwar hanya. Yana dunƙula shinkafa da hannu, kamar lomar tuwo. Ya ɗora yankan kifi a kai. Ya miƙa wa mai saye. Abincin ƴan ƙwadago ne, na bakin hanya, ana ci a tsaye. Ba abincin sarakuna ba ne.

A 1923 ƙasa ta girgiza a Tokiyo. Mutane fiye da 100,000 suka mutu. Masu yin sushi da yawa suka rasa rumfunansu, suka koma garuruwansu. Ta haka sana'ar ta bazu cikin ƙasar duka.

Yaron da ya rasa uba

An haifi Nobuyuki Matsuhisa ranar 10 ga watan Maris na 1949, a yankin Saitama, kusa da Tokiyo. Ana taƙaita sunansa a ce Nobu. Ubansa mai sayar da katako ne, yana tafiye-tafiye har ƙasashen waje. Nobu bai kai shekara goma ba uban ya mutu a hatsarin hanya. Uwarsa ce ta riƙe gidan.

Wata rana yayansa ya kai shi wani gidan sushi. Yaron ya ga mai sana'ar tsaye da wuƙa mai walƙiya. Ya ga yadda yake gaisawa da baƙi, yana yi wa kowa tasa lomar. Tun daga ranar ya ƙudura a ransa wannan aikin zai yi.

Da ya bar lakwal sai ya shiga koyon sana'a a wani gidan sushi mai suna Matsuei, a unguwar Shinjuku ta Tokiyo. Kada ka zaci an ba shi wuƙa ran da ya zo. Shekara uku yana wanke kwanoni, yana share wuri, yana kai abinci gidajen mutane. Da asuba ya bi maigidansa kasuwar kifi, yana ɗauke da kwando. Yana kallon wanda maigida ya zaɓa, da wanda ya ƙi. Kai da ka taɓa zama yaron maƙeri ko yaron tela, ka san wannan zama. Ido ne yake fara koyo, kafin hannu.

Sai da wani ma'aikaci ya tafi, sannan aka ba shi wurin tsayawa gaban baƙi. Shekara bakwai ya yi a wannan gida.

Tafiya Peru

Cikin masu zuwa cin abinci akwai wani mutumin ƙasar Peru, amma asalinsa ɗan Japan ne. Ya ce wa Nobu ya zo su buɗe gidan abinci tare a Lima, babban birnin Peru.

Za ka ce, me ya kai mutanen Japan Peru? Peru tana Amurka ta Kudu, a ɗaya gefen babbar teku. A 1899 wani jirgin ruwa mai suna Sakura Maru ya sauke ƴan Japan 790 a can. Sun je aikin ƙwadago ne a gonakin rake. Wasu suka biyo su. Da yawa ba su koma gida ba. Suka buɗe kantuna da ƙananan gidajen abinci. Ɗan irin waɗannan baƙi, Alberto Fujimori, har ya zama shugaban ƙasar Peru a 1990.

Nobu ya isa Lima a 1973, yana da shekara 24. Ya tarar da kifi mai kyau, mai araha. Amma kayan haɗin da ya saba da su a gida, yawanci babu. To, ya zai yi? Ya zauna yana kukan abin da babu, ko ya duba abin da ke akwai?

Sai ya shiga kasuwa. Ya ga mutanen Peru ma suna cin ɗanyen kifi, amma ta tasu hanya. Suna yanka shi, su matsa lemun tsami, su sa gishiri, da albasa, da barkono. Sunan abincin sebice. A sushin da Nobu ya koya a Tokiyo ba a sa barkono, ba a sa tafarnuwa. Ya ɗanɗana, ya ji daɗi. Ya fara gwada haɗa yankan wuƙa irin na Japan da yaji irin na Peru. Bai san cewa abin da zai ɗaukaka shi ke nan ba.

Bayan shekara uku suka saɓa da abokin cinikinsa. Abokin yana so a rage kashe kuɗi wajen sayen kifi, don riba ta ƙaru. Nobu ya ce shi ba zai ba baƙo kifin da bai yarda da shi ba. Suka rabu. Ya tafi Ajantina. Can kuwa mutane nama suka fi so, masu cin kifi kaɗan ne. Bai daɗe ba ya koma Japan da iyalinsa, hannu wofi.

Gobara

A 1977 aka sake yi masa tayi. Wannan karo a Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, ƙasar ƙanƙara. Ya ci bashi ya zuba. Shi da kansa ya taya aikin gyaran ginin. Aka buɗe a garin Anchorage, baƙi suka fara zuwa.

Kwana kamar 50 yana aiki ba hutu. Ran da ya ɗauki hutun farko, yana gidan wani aboki, sai aka kira shi a waya. Aka ce gidan abincinsa ya kama wuta. Ya zaci wasa ne. Ya je ya tarar gaskiya ne. Komai ya ƙone.

Abin da ya ƙara muni, bai shiga yarjejeniyar nan da ake yi da kamfani ba, irin wadda masu mota suke yi, don a biya su idan hatsari ya auku. Saboda haka ba wanda zai biya shi ko tamma. Gida ya tafi, bashi ya tsaya.

A littafin da ya rubuta na rayuwarsa, Nobu ya faɗi cewa a kwanakin nan har ya yi tunanin kashe kansa. Abin da ya tsai da shi, iyalinsa ne. Ya dubi matarsa da ƴan ɗiyansa ƙanana. Yaran ba su san abin da ya faru ba, murna kawai suke yi yau babansu yana gida. Sai ya ga ba shi da ikon barin su.

Ya mai da iyalinsa Japan. Shi kaɗai ya tafi birnin Los Anjeles, a Amurka, ya koma yaron wani. Mutumin da ya taɓa zama maigida ya koma karɓar albashi. Shekara tara da wani abu yana aiki a gidajen sushi na wasu. Yana biyan bashi kaɗan-kaɗan, har ya gama. Ya samu takardun zama, ya ɗauko iyalinsa.

Gidan da ya tsaya

A 1987 wani aboki ya ranta masa kuɗi. Ya buɗe ƙaramin gida a unguwar Beverly Hills, ya sa masa sunan gidansu, Matsuhisa.  Wannan karo bai yi gaggawa ba. Da sassafe shi yake zuwa kasuwar kifi. Abin da ya samu, wajen sayen kifi mai kyau yake mai da shi.

A nan abincin da ya sa ya yi suna ya fito. Ga misali uku.

Na farko, baƙin kifi da miso. Miso waken soya ne da ake dafawa, a sa gishiri, a bar shi ya tsima watanni. Aikinsa a girkin Japan kamar aikin daddawa ne a miyarmu. Akwai wani kifi na ruwan sanyi, wajen Alaska, mai kitse, wanda a lokacin ba shi da tsada. Nobu yana jiƙa shi cikin miso da sukari da giyar shinkafa da suke kira sake, har kwana uku. Sannan ya gasa shi, bayansa ya yi ja. Dabarar tsohuwa ce a Japan. Shi ne ya kai ta gaban mutanen da ba su san ta ba.

Na biyu, yankan kifi da barkono. Ana yanka ɗanyen kifi siriri kamar takarda. A ɗiga masa ruwan lemu mai tsami, a sa barkono. Wannan tsarabar Peru ce.

Na uku, wata baƙuwa ce ta jawo shi. An kawo mata ɗanyen kifi, ta ce ita ba za ta iya ci ba. Wani mai sana'ar sai ya yi fushi. Nobu ya ɗauki farantin ya koma madafa. Ya ga mai yana zafi bisa wuta. Ya sa wa kifin citta da tafarnuwa, ya kwarara masa man mai zafi. Saman kifin ya ɗan dahu, cikinsa yana nan yadda yake. Matar ta cinye. Abincin ya shiga jerin abincin gidan, ana yin sa da man zaitun da man riɗi.

Ka lura, duka ukun daga rashi suka fito: rashin kuɗin kifi mai tsada, rashin kayan haɗin gida, da rashin baƙon da ya saba da abincin.

Haƙurin ɗan wasan silima

Beverly Hills tana kusa da Hollywood, inda ake shirya silima. Cikin masu zuwa cin abinci akwai Robert De Niro, babban ɗan wasa. Ya ci baƙin kifin nan, ya ji ba ya son rabuwa da shi. Ya ce wa Nobu ya zo su buɗe gida a birnin Niyu Yok.

Nobu ya je ya ga wurin. Ya dawo ya ce a'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Ya yi tarayya a Peru, ta watse. Ya yi a Alaska, ta ƙone. Kuma gidansa na Los Anjeles bai gama kafuwa ba.

De Niro bai yi fushi ba. Ya ci gaba da zuwa cin abinci. Sai bayan shekara huɗu ya sake tambaya. Nobu ya ga mutumin da ya iya jiran shekara huɗu, abin yarda ne. A 1994 suka buɗe gidan Nobu na farko a unguwar Tribeca, tare da wasu abokai biyu, Drew Nieporent da Meir Teper. A 1995 gidan ya ci lambar James Beard ta sabon gidan abincin da ya fi kowane a Amurka.

Daga nan abin ya bunƙasa. A 1997 aka buɗe a Landan. A 1998 aka buɗe a Tokiyo, garin da Nobu ya wanke kwano. A 2009 aka buɗe na farko a Afirka, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. A 2013 suka fara buɗe otel-otel na kwana, daga birnin Las Vegas. A 2023 aka buɗe otel ɗinsu a Marakesh, ƙasar Maroko. Zuwa 2024 gidajen abincin Nobu sun haura 50 a duniya. Shi gidan farko na Tribeca an rufe shi a 2017, aka koma wani gini a cikin birnin.

Ba yabo kaɗai ba ne

Kada ka ɗauka tarihin nan duka zuma ne. Akwai abu uku da ya kamata ka sani.

Na ɗaya, tsada. Sushi ya fara a bakin hanya, abincin leburori. A gidan Nobu kuwa mutum ɗaya yana iya biyan abin da ya kai jikka 100 na kuɗinmu, ko fiye, a zama guda. Ɗan ƙwadagon Edo da ya fara cin wannan abinci, yau ba zai iya shiga ƙofar ba.

Na biyu, yawa yana iya rage kyau. Ka san tayar Michelin ta Faransa. Wannan kamfani yana fitar da littafi tun 1900, kuma tun 1926 yake ba gidajen abinci taurari. Masu girki suna ɗaukar tauraron nan da girma ƙwarai. Gidan Nobu na Landan ya samu tauraro a 1998. A 2014 aka karɓe shi. Mutum ɗaya ba ya iya tsayawa a madafa 50. Sai dai ya koyar da yara, ya riƙa zagayawa yana dubawa. Haka Nobu yake yi, yawancin shekara yana kan hanya. Wasu dattawan sana'ar a Japan ma suna ganin abincinsa ya yi nisa da na gargajiya.

Na uku, shi ya fi nauyi. Akwai wani babban kifin teku da ake kira tuna. Wani irinsa yana kai kilo 400 ko fiye. A da mutanen Japan ba su damu da kitsensa ba. Da aka samu injin sanyi da jirgin sama, sai ya zama kifi mafi tsada. A 1972 aka fara ɗauko shi da jirgin sama daga Kanada zuwa kasuwar Tokiyo. Da sushi ya bazu a duniya, manyan jiragen ruwa suka riƙa kwasar sa ba ƙaƙƙautawa. Ya fara ƙarewa a tekun Atlantika da Bahar Rum.

A 2008 ƙungiyar Greenpeace ta auna kifin da ake sayarwa a gidajen Nobu na Landan. Ta ce irin wanda yake ƙarewa ne. Aka yi ta surutu. A 2009 gidan ya rubuta gargaɗi cikin takardar abinci, amma bai daina sayarwa ba. Mutane da yawa suka ce wannan bai isa ba.

Abin da ya ceci kifin, dokar ƙasashe ce. Suka rage yawan da aka yarda a kama, suka sa ido bisa jiragen. Kifin ya fara dawowa. A 2021 aka cire na Atlantika daga jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Masuntan Madarumfa da na Tabalak sun san wannan magana ba sai an gaya musu ba. In aka kwashe uwa da ƴaƴa bana, baɗi koma za ta fito wofi.

Gargaɗi game da ɗanyen kifi

Ɗan'uwa, kada ka karanta wannan ka ce za ka gwada cin ɗanyen kifin gulbi ko na tabki. Kada ka yi. Kifin da ake ci ɗanye a waɗannan gidaje na teku ne. Tun daga jirgi yake cikin ƙanƙara. Wani ma sai an daskarar da shi da sanyi mai tsanani, don tsutsar cikinsa ta mutu. Kifin ruwan daɗi yana ɗauke da tsutsotsi masu sa ciwo. Namu kifin, a dafa shi sosai, ko a soya, ko a banda.

Abin da ya rage

A 2013 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Japan cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Ba don tsada aka sa shi ba. An sa shi don yadda mutanen suke girmama abin da ƙasarsu da tekunsu suke bayarwa, kowane abu a lokacinsa.

Nobu ya ɗauki wannan gado ya fita da shi. A Peru ya ƙara masa barkono. A Amurka ya ƙara masa mai mai zafi. Amma yadda ake zaɓen kifi, da yadda ake riƙe wuƙa, da yadda ake duban fuskar baƙo, waɗannan bai canza su ba. Abin da ya koya ne a shekarun nan bakwai na Shinjuku, uku daga ciki yana wanke kwano.

Gidan Alaska kwana 50 ya yi. Gidan Beverly Hills, wanda ya buɗe bayan ya biya bashinsa, ya cika shekara 30 a 2017, ƙofarsa a buɗe.